Yadda ake haɗa sautin mota irin na gasa, mataki bayan mataki

Tun da na taɓo zancen baƙar motar nan ta Amurka, Buick Grand National, wadda ta hana abokan karawarta sakat a gasar sautin mota ta IASCA a ƙarshen shekarun 1980 da farkon 1990, tambaya ɗaya ake ta turo min: to mu masu Corolla da Civic da Golf ta ina za mu fara? Wasu ma jerin kayan da ke cikinta suke nema, su shiga kasuwa su kwaso. Ba a nan gizo ke saƙar ba.

Shagon SpeakerWorks na iyalan Holdaway da ke garin Orange a jihar Kalifoniya ne ya fara haɗa motar, daga baya ta koma hannun wani ɗan gasa, Richard Clark. Lasifika shida kacal ke cikinta. Biyu masu bakin ƙaho ne, dangin na masallaci, an ɓoye su a ƙarƙashin dashbod. Biyu masu inci 12 suna jikin motar a bayan kujerun gaba, sai manya biyu masu inci 15 a baya don bes. Da shidan nan ta riƙa kayar da motocin da aka cika da lasifika kamar rumfar mai kiɗan biki. Abin da ya ba ta nasara shi ne wurin da aka dasa kowace lasifika da irin saitin da aka yi musu. Wannan kuwa ko a Golf ana iya kwaikwayonsa, muddin an bi aikin a jere.

1. Yanke shawara: daɗi kake so ko ƙara

Gasar sautin mota iri biyu ce. Akwai ta ƙara, irin ta dB Drag Racing, inda ake rufe mota a sa na'ura ta auna wanda ya fi kowa tsawa. Akwai kuma ta daɗin sauti, wadda IASCA da MECA a Amurka da EMMA a Turai suke shiryawa. A wannan alƙali ne yake shiga ya zauna ya saurara. Yana duba ko kowane abin kiɗa ya fito da muryarsa ta asali, ko mawaƙi yana tsakiyar dashbod a tsaye cak, ko faɗin sautin ya kai daga madubi zuwa madubi, ko ya taso har tsayin gilashin gaba, da kuma ko akwai wata ƙara da ba ta cikin waƙar ba. Jagorar nan ta daɗin sauti ce. Wanda burinsa lambar motarsa ta riƙa karkarwa a bakin danja, hanyarsa daban.

2. Raba kuɗi kafin ka taka kasuwa

Farashin kayan nan dala yake bi, don haka a kaso zan ba ka. A cikin kowace naira 100 da ka ware, ni haka nake rabawa: 30 ga lasifikokin gaba, 20 ga na'urar saita sauti da ake kira DSP, 15 ga amfilifaya, 10 ga wufa (babbar lasifikar bes) da akwatinta, 10 ga waya da fis da abin like ƙofa, 15 kuɗin aiki. Mafi yawan mutane kifar da lissafin suke yi, rabin kuɗin ya tafi a kan ƙaton amfilifaya da wufa, gaba kuma a bar lasifikar da ta zo da mota tun daga Kwatano.

Shi kansa Richard Clark ya taɓa ajiye dala 10,000 ga duk wanda zai iya bambance amfilifaya biyu da kunne, ba tare da ya san wanne ke aiki ba, in dai an daidaita ƙarfinsu kuma ba a tura su sun wuce iyakarsu ba. Ka riƙe wannan a ranka lokacin da mai shago yake rantse maka cewa wancan mai tsadar ya fi zaƙin murya. Amfilifaya mai gaskiyar wat, mai tsabta, ya ishe ka.

Kayan da za ka saya: saitin lasifikar gaba mai rabe, wato babba mai inci 6.5 daban da tuwita (ƙaramar lasifikar siririn sauti) daban, wufa guda ɗaya mai inci 10 ko 12, amfilifaya mai hanya huɗu da wani mai hanya ɗaya na wufa (ko guda mai hanya biyar ya haɗe duka), sai DSP mai aƙalla mafita shida. A lasifika, Focal da Morel da Hertz sanannu ne. A DSP akwai Helix da Audison, mai ƙaramin ƙarfi kuma akwai Dayton Audio DSP-408.

Hattara: lambar da za ka duba a jikin kwali ita ce wadda aka rubuta RMS a gefenta, wato wat na gaskiya. Wat 3,000 ɗin da aka buga da manyan baƙaƙe ado ne. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Ka leƙa fis ɗin da ke jikin amfilifayan. In na amfiya 30 ne, ka ninka da bolt 14 ka samu 420, kuma ko wannan ba duka ne zai zama sauti ba. Sannan jabun manyan sunaye ya cika gari. A Sabon Gari kake ko a Alaba, ka ɗaga lasifikar ka ji nauyinta, ka dubi tsabtar rubutun da ke jikin maganaɗisun, in farashin ya yi araha fiye da hankali ka ajiye musu kayansu.

3. Kayan aiki

Mita mai auna bolt, tef ɗin awo na kafinta, sukudireba, filaya mai matse kan waya, robobin ɓalle marfin ƙofa, sanfefa, ɗan gangaren roba na danne abin like, batir ɗin tocila mai bolt 1.5, kwamfutar cinya, da makirfon awo. Wanda aka fi sani shi ne UMIK-1 na kamfanin miniDSP, manhajar da ake haɗa shi da ita kuma REW, kyauta ce. In makirfon ya yi maka tsada ku haɗa kuɗi ku uku ku saya, ba kullum ake buƙatarsa ba.

4. Auna wutar motar tukuna

Mota a kashe, lafiyayyen batir zai nuna kusan bolt 12.6. Ka tayar, ka kunna fitila da na'urar sanyi, ka sake aunawa. Ya kamata ka ga tsakanin 13.8 da 14.4. In ya gaza 13.5 ka fara kai ta wurin mai riwaya ya duba altaneta kafin ka ɗora mata wani nauyin. Ka yi lissafi kuma: amfilifaya ajin D mai wat 600 na gaskiya yana iya jan amfiya sama da 50 in an ƙure shi, alhali altanetar ƙananan motoci da yawa ba ta wuce 70 zuwa 100 ba, kuma mota ma tana da tata buƙatar. Tsarin daɗin sauti ba ya neman fiye da wat 75 zuwa 100 a kowace hanya ta gaba, da 300 zuwa 500 na wufa.

Hattara: kafin ka taɓa kowace waya ka cire kan batir na baƙi. Wasu rediyoyin mota suna kulle kansu in an yanke musu wuta, sai ka tabbatar kana da lambar buɗewa.

5. Gyara ƙofa

Wannan ne matakin da kowa ke tsallakewa saboda ba a ganinsa, kuma shi ne wanda kunne ya fi ji. Ƙofar mota kwano ce mai ramuka. Lasifika tana tura iska gaba, a daidai lokacin tana jan ta ta baya, in iskar baya ta sami ramin da za ta zagayo sai ta cinye ta gaba, bes ya ɓace. Kwanon kuma ya shiga tasa waƙar, ɓar-ɓar.

Ka cire marfin ƙofa, ka ɓalle ledar da ke ciki, ka goge ƙarfen da fetur ko sifirit har sai ƙura da maiƙo sun fita. Ƙurar hunturu ba ta barin gam ya kama, kada ka yi ganda a nan. Ka yanka abin like, wato baƙar robar butil mai fuskar alminiyam, ka manna a jikin ƙarfen waje. Ba sai ka rufe ko'ina ba, kashi ɗaya cikin uku zuwa rabi ya wadatar, a tsakiyar wuraren da suka fi faɗi. Ka ƙwanƙwasa da yatsa, inda ya amsa kamar gwangwani a nan yake buƙata. Ka danne sosai har kumfar iska ta fita. Daga nan ka toshe manyan ramukan ƙarfen ciki da falle na alminiyam ko roba mai tauri, ka bi ta kai da butil. Abin da kake nema shi ne ƙofar ta koma akwati.

Hattara: kada ka yarda a sa maka irin na kwalta da ake toshe yoyon rufin kwano da shi. Mota in ta wuni a ranar watan Afrilu, cikinta yana haura digiri 60, kwaltar ta narke, ta zubo kan gilashi, wari ya cika mota. Kada kuma ka toshe ƙananan ramukan ƙasan ƙofa, ta nan ruwan damina yake fita. Ka gwada ɗaga gilashi da kulle ƙofa kafin ka mayar da marfi.

Lasifikar ba a jikin marfin roba ake ɗaure ta ba. Ka sa kafinta ya yanko maka zobe mai kauri, ka ɗaure shi gam da ƙarfen ƙofa, sannan lasifika ta hau kai. In na katakon MDF ne a shafe shi da fenti ciki da waje, domin yana shan ruwa ya kumbura kamar burodi. Na roba mai tauri ya fi daɗewa. A ƙarshe ka zagaye bakin lasifikar da soso mai laushi ya haɗu da ragar marfin ƙofa, don sautin ya fito cikin mota maimakon ya riƙa yawo a bayan marfi.

6. Wurin dasa tuwita

A nan darasin Grand National yake. Direba ba a tsakiya yake zaune ba. A motocinmu masu sitiyari a hagu, lasifikar hagu tana kusa da kai, ta dama tana can nesa. Kunne kuma duk sautin da ya fara iso masa shi yake bi, sai ka ji mawaƙi ya maƙale a ƙofarka. Masu waccan motar suka tura ƙahonin can ƙarƙashin dashbod, nesa da kowa, yadda bambancin nisan hagu da dama ya ragu, wanda ke kujerar direba da na gefensa duk suka riƙa jin waƙa a gabansu. A zamaninsu dabarar hannu ce ta yi wannan aikin. Yau DSP yana rage mana wahala, amma bai soke ƙa'idar ba: gwargwadon nisan lasifika da kai, gwargwadon sauƙin saiti.

Wuri biyu ne masu sauƙi: kusurwar da ke bayan madubin gefe, ko gindin ginshiƙin gilashin gaba. Kada ka huda komai tukuna. Ka manna tuwitocin da tef mai gam biyu, ka yi kwana biyu kana juya su kana saurara. Ka fara da fuskantar da kowace zuwa wani wuri tsakanin kan direba da kan na gefensa. In sautin ya yi kaifi yana sukar kunne, ka ɗan kautar da su. Tsayinsu ya zama ɗaya, kusurwarsu ɗaya.

Hattara: motoci da yawa suna da jakar iska ta kariya a cikin wannan ginshiƙi. In ka ga rubutun SRS ko waya mai ruwan ɗorawa, kada ka huda, kada ka yanke, kada ka ɗaura komai a gabanta.

Lasifikokin baya fa? Ka cire su daga lissafi. Wanda ya je kallon makaɗa gabansa suke zama. In kana ɗaukar iyali ka bar su a jikin rediyo, ka rage musu murya har sai ka daina jin su daga gaba.

7. Akwatin wufa

Don daɗin sauti, rufaffen akwati marar rami ya fi sauƙin sarrafawa, bes ɗinsa a ɗaure yake fitowa, ba ya jan jiki. Girman da kamfanin wufar ya rubuta shi za ka bi. Galibi mai inci 12 tana son lita 28 zuwa 35, mai inci 10 kuma 15 zuwa 22. Lissafin: tsawo sau faɗi sau zurfi, awon ciki da santimita, a raba da 1,000. Misali 40 sau 35 sau 25 ya ba da lita 35, ka cire kusan lita 2 ko 3 da ita wufar za ta cinye.

MDF mai kaurin milimita 18, gam a kowace mahaɗa, sukuru a kan gam, sannan a bi ciki da silikon. Ka bar silikon ya kwana ya bushe kafin ka ɗaura wufa. Gwaji: ka danna tsakiyar wufar a hankali da yatsu, in ta dawo sannu a hankali akwatin ya rufu, in ka ji fito akwai inda iska ke zurarewa. Ka ce wa kafinta awon ciki kake nufi, in ba haka ba zai auna ta waje, kaurin katako ya cinye maka sama da lita goma.

Hattara: ka ɗaure akwatin da jikin mota. Nauyinsa ya haura kilo 15, ranar da ka taka birki da ƙarfi ba zai tambaye ka hanya ba.

8. Jan waya

Wayar wuta ta zama tagulla zalla. Wadda aka rubuta wa CCA alminiyam ce aka yi wa wankan tagulla, kusan kashi biyu cikin uku kawai na wutar da tagulla ke ɗauka take iya ɗauka, kuma tana rubewa. Ka kankare bakinta da wuƙa, in fari ya bayyana ka san abin da aka ba ka. Ga tsarin da bai wuce wat 1,000 ba, lamba 4 ta isa, kaurinta kusan milimita murabba'i 21. Lamba 8 ta ƙaramin amfilifaya guda ce.

Fis yana zama kusa da batir, tazarar kada ta wuce santimita 45. Ƙa'idar gasa ce, kuma ita ce tsakaninka da gobara. Waya yake karewa, ba amfilifaya ba: amfiya 50 zuwa 60 ga lamba 8, 100 zuwa 125 ga lamba 4. Inda waya za ta ratsa ƙarfen da ya raba inji da cikin mota, dole ta bi ta cikin zoben roba. Na taɓa ganin wata da aka zura haka tsirara, wata uku gefen ƙarfe yana cin ta, Allah ne ya kiyaye fis ya riga ta mutuwa.

Wayar ƙasa, wato baƙa, kaurinta ɗaya da ta wuta, gajera, kada ta wuce rabin mita. Ka goge fenti da sanfefa har ƙarfe ya yi ƙyalli, ka ɗaure da noti, ka shafa ɗan giris a kai saboda tsatsa. Duk amfilifaya da DSP su sauka a wuri ɗaya. Wayar wuta ta bi gefe ɗaya na mota, wayoyin sauti su bi ɗaya gefen.

Hattara: kafin ka huda ƙasan but ka sunkuya ka leƙa. Tankin mai da bututun birki a nan suke kwance. Kada kuma ka rufe amfilifaya a ƙarƙashin kafet, zafinmu kaɗai ya ishe shi.

9. Duba fari da baƙi (+ da −) na kowace lasifika

Ka taɓa wayoyin lasifika biyu a jikin batir ɗin tocila na ɗan lokaci. In fuskar lasifikar ta turo waje, wayar da ta taɓa gefen + na batir ita ce mai alamar tarawa. Ka yi mata alama. Ƙofa ɗaya in ta juye, bes ya tafi, muryar mawaƙi ta watse ka rasa inda take, kuma babu saitin da zai gyara.

Hattara: ban da tuwita a wannan gwajin, ƙonewa take. Ita ka bi alamar jikinta. Tunda kai tsaye za ta sha daga amfilifaya, ka sa mata kafasita marar fari da baƙi mai maikurofarad 22 zuwa 33 a kan wayarta. In wata rana saitin DSP ya goge, ita za ta tare bes kada ya kashe ta.

10. Saita ƙarfin amfilifaya da mita

Maɓallin da aka rubuta wa GAIN ba na ƙara murya ba ne, na daidaita amfilifaya da rediyo ne. Ka cire wayoyin lasifika duka. Ka kashe duk wani ƙarin bes a rediyo da amfilifaya. Ka kai muryar rediyo kashi uku cikin huɗu, ka rubuta lambar, ita ce iyakarka daga yau. Ka kunna sautin gwaji mai Hz 1,000 don hanyoyin gaba, mai Hz 50 don wufa (Hz ma'aunin kauri ko sirantar sauti ne, ƙaramar lamba ita ce bes). Mita a kan bolt na AC, a bakin mafitar lasifika.

Bolt ɗin da kake nema: ka ninka wat da om (ma'aunin turjiyar lasifika ga wuta), ka ɗauki tushen murabba'in abin da ya fito. Wat 100 a om 4 ya ba da 400, tushensa 20, wato bolt 20. Wat 75 a om 4 bolt 17.3 ne. Wat 500 a om 2 bolt 31.6. Ka murɗa a hankali har mita ta nuna lambar, ka tsaya. Na tuwita ka bar shi ƙasa da haka sosai, ba ta cin ko kwatan wannan. Yawancin lasifikar da ke ƙonewa, murɗe wannan maɓallin har ƙarshe ne ya kashe su.

11. Raba wa kowace lasifika aikinta

Kunnen ɗan Adam yana ji daga kusan Hz 20 zuwa 20,000, kuma babu lasifika ɗaya da ke iya ɗaukar wannan duka. A cikin DSP ka fara da haka: wufa daga 80 zuwa ƙasa, ta ƙofa daga 80 zuwa 3,000, tuwita daga 3,000 zuwa sama, gangaren yanka dB 24 (dB ma'aunin ƙarfin sauti ne), ka zaɓi nau'in da DSP ya rubuta wa Linkwitz-Riley a ko'ina. Ka duba takardar tuwitarka, akwai lambar da aka rubuta wa Fs, kada ka yanke ta ƙasa da ninki biyu na wannan lambar. In DSP ne ke rabon, ka kashe na jikin amfilifaya, kada a yi yanka biyu.

12. Jinkirta na kusa su jira na nesa

Ga inda ake ganin abin mamaki. Sauti yana tafiyar kusan santimita 34.3 a cikin kashi ɗaya bisa dubu na daƙiƙa, abin da DSP yake rubutawa ms. Ka zauna yadda kake tuƙi, kujera a inda ka saba. Wani ya auna daga tsakiyar kanka zuwa kowace lasifika. A ce an samu tuwitar hagu 95, ta dama 140, ƙofar hagu 110, ta dama 150, wufa 190. Wufa ce mafi nisa, ita ba a jinkirta ta. Sauran ka cire nisan kowace daga 190 ka raba da 34.3. Tuwitar hagu ta samu 2.77, ta dama 1.46, ƙofar hagu 2.33, ta dama 1.17.

Hattara: wasu DSP nisan suke so ka shigar, su yi lissafin da kansu. Ka karanta abin da akwatin ke tambaya, santimita ko ms. In ka zuba ɗaya a gurbin ɗaya, an yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Tef ya kai ka bakin ƙofa ne kawai, kunne zai ƙarasa. Ka kashe komai ban da ƙofofi biyu, ka kunna muryar mutum ɗaya yana magana, irin ta mai karanta labarai ko mai karatu. Ka rufe ido ka nuna da yatsa inda bakinsa yake. In ya karkata hagu, ka ƙara wa hagu jinkiri kaɗan kaɗan, 0.02 zuwa 0.05 a kowane taku, ka kuma rage mata murya da dB 1 zuwa 3 tunda ta fi kusa. Za ka ji muryar tana takawa a kan dashbod har ta tsaya a tsakiya, ƙarƙashin madubin ciki. Ka maimaita da tuwitoci su kaɗai. Sannan ka kunna wufa, ka gwada juya fari da baƙinta a cikin DSP. Wanda bes ya fi cika kuma ya taso gaba, ka daina jin yana fitowa daga but, shi ne daidai.

13. Gyaran murya da makirfo

Inji a kashe, gilasai a rufe, wuri marar hayaniya. Da sassafe ya fi, kafin rana ta mayar da motar tanda. Ka jona caja a batir, domin aikin yana cin awa biyu zuwa uku. Ka kunna sautin gwaji mai kama da saukar ruwan sama, wanda REW ke fitarwa da sunan Pink, ka riƙa zagaya makirfo a hankali daga kunnen hagu zuwa na dama, lasifika ɗaya bayan ɗaya.

Layin da zai fito zai yi tudu da kwari, kada ya firgita ka, kowace mota haka take. Ka sassare tudun, ka ƙyale kwarin. Ƙarin dB 3 kacal yana neman ninki biyu na wat, kuma kwari mai zurfi galibi sautin da ya bugi gilashi ne ya dawo ya kashe ɗan'uwansa, ko nawa ka zuba masa ba zai cika ba. Abin da ya fi komai muhimmanci shi ne layin hagu ya yi kama da na dama, shi ke sa murya ta tsaya wuri ɗaya ba ta rawa. Kada kuma ka nemi layi miƙaƙƙe kamar tabarma, a mota ba shi da daɗi. Bes daga 60 zuwa ƙasa ya ɗara tsakiya da kusan dB 10 saboda ƙarar taya da inji tana cinye shi a kan hanya, sama kuma ta gangara a hankali.

Ka adana saitin a kwamfuta da kuma filashi, da kwanan wata a jikin sunan.

14. Saurare

Da USB za ka gwada, da fayil na FLAC ko WAV, ko aƙalla MP3 mai 320. Waƙar da ta yi yawo a WhatsApp hannu goma ba ta da sauran abin da za a auna da ita. Ka zaɓi abin da kunnenka ya sani a zahiri. Kalangu yana nuna lafiyar ƙofa, ya kamata ka ji bugun sanda daban da matsar igiya daban. Kuntigi ko gurmi suna tona asirin tuwita, in tsirkiyar ta koma kamar waya ana kaɗawa ka rage tsakanin Hz 2,500 da 4,000. Algaita in ta sa ka runtse ido, nan ɗin ne dai. 'Yan amshi su bazu hagu da dama a bayan mai waƙa, kada su dunƙule a bakinsa. Ka saurara a murya ƙasa, ka saurara a sama, kamannin sautin kada ya canja.

Hattara: dB 85 awa takwas ne iyakar da masana lafiyar ma'aikata suka sa wa kunne, kuma kowane ƙarin 3 yana raba lokacin biyu. Bayan minti 30 na saiti ka fita ka sha iska, gajiyayyen kunne ƙarya yake yi.

Sai ka tayar da inji ka taka totur ba tare da waƙa ba. In ka ji wani siririn kuka yana hawa yana sauka tare da inji, kukan altaneta ne. Ka zare wayoyin sauti daga amfilifaya. In kukan ya ɗauke, daga rediyo ko DSP ko hanyar da wayar ta bi yake shigowa. In yana nan, ka koma kan wayar ƙasa ta mataki na 8 ka sake goge ƙarfen, sau da yawa a nan yake. Bayan mako biyu a kan hanyoyinmu, ka sake buɗe but ka bi notin wayar ƙasa da sukurorin amfilifaya da na akwati da sifana, za ka tarar wasu sun saki.